Fulawoyina sun mutu, maigida ya ce kada in sake dasa komai

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu, babbar shekararta 5, ƙaramin bai cika 2 ba. A farkon shekarar nan muka tare a gidanmu na kanmu, a wata sabuwar unguwa a bayan garin Kano. Tsakar gidan fili ne fetal, rana tana dukanmu tun safe har la'asar. Ni kuwa a gidan da ke da shuke-shuke na tashi, shi ya sa a watan Maris na ɗauki kuɗin adashena na sayo fulawoyi wajen masu sayarwa a bakin titi: iksora, da haibiskos, da yalo-bush, da wata mai dogon ganye da fure ruwan hoda da suka ce mini sunanta oliyanda. Na sa yaro ya haƙa ramuka a jikin katanga, muka zuba kashin kaji muka dasa, ina ba su ruwa safe da yamma. Ba a yi wata ɗaya ba suka bushe, sai oliyanda biyu suka rage. Waɗanda na sa a ƙofar gida kuma awaki suka cinye. Maigida ya ce kada in sake, ruwa saye muke wajen 'yan garuwa, kuma duhuwa tana jawo sauro da macizai. Hajiya mahaifiyarsa ta ce a gaban 'yan uwansa wai hannuna ba shi da albarkar shuka, da zogale na shuka da ko miya an sha. Maganar ta tsaya mini a rai. Yanzu da na ɗago zancen sai mu yi sa'insa da shi. In haƙura ne, ko in sayo in dasa idan ya fita aiki?

Daga wata 'yar uwa, Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri a sabon gida, ya sa kun shiga a sa'a. Kuɗin adashe ba a titi ake tsintarsa ba, wata da watanni kika yi kina matse hannu kafin ya zo kanki, don haka na fahimci zafin ganin sa ya bushe a jikin katanga, ga magana kuma ta biyo baya a gaban jama'a. Duk za mu bi su, amma akwai abin da ba zan bari ya kwana ba.

Oliyandar nan biyu da suka rage, ki cire su yau, kada ki jira gobe. Ganyenta, furenta, iccenta, ruwan da ke fita idan an karya ta, duk guba ne, kuma zuciya gubar take taɓawa. Yaron da bai cika shekara 2 ba duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa. Ki sa leda a hannu ki tumɓuke su, ki ƙulle a buhu a binne da zurfi. Kada a ƙona, don hayaƙinta ma yana cutarwa, kada kuma a jefar a juji inda awakin maƙwabta za su samu. In Allah ya kiyaye wani yaro ya taɓa tauna ganyen, asibiti za a nufa nan take, a tafi da ganyen a hannu likita ya gani. Na san da ciwo a ce ki cire abin da shi kaɗai ya tsira, amma shukar gefen titi ce, ba ta tsakar gidan da ake goyo ba. Haka ita ma yalo-bush, idan aka bar ta ba a aske ba tana yin ƙananan 'ya'ya ruwan lemo masu ɗaukar idon yara, su ma ba abin ci ba ne.

To, me ya kashe sauran? Ba hannunki ba ne. Da gwanin lambu ne ya yi abin da kika yi a wannan watan, da haka zai gani. Maris da Afrilu su ne tsakiyar bazara a Kano, lokacin da zafi kan haura digiri 40, iska kuma ba ta da laima ko kaɗan. Fulawoyin da kika sayo a ƙarƙashin inuwar bishiya suka girma, cunkushe da juna, ana yi musu yayyafi kullum. Rana ɗaya aka ɗauko su aka jera a jikin katangar bulo wadda ke shan rana tana mayar musu da zafin har bayan magariba. Ƙasar gindin katanga a sabon gida kuwa galibi ɓaraguzan gini ce, guntayen bulo da ragowar siminti da yashi, kuma iksora musamman ba ta jure ƙasa mai siminti, ganyenta rawaya yake yi ya zube. Sai kashin kaji: idan ɗanye ne bai ruɓe ba, ƙona saiwa yake yi. Ruwan safe da yamma kuma, in kofi-kofi ne, saman ƙasa kawai yake jiƙawa, kafin azahar ya ƙafe. Kin ga abubuwa nawa suka taru a kansu, kuma kowanne yana da gyara.

Mu dawo kan maigida. Ina so ki sake sauraron maganarsa da kunnen da ba na jin haushi ba, domin akwai gaskiya a cikinta. Mutumin da ya gama gini yanzu aljihunsa bai farfaɗo ba, kowace jarka da mai garuwa ya sauke shi ya san nawa ta ci. Tsoron maciji kuma a sabuwar unguwa ba tatsuniya ba ce. Kangaye da filayen da ba a gina ba suna kewaye da ku, ga ƙananan yara suna yawo ba takalmi. Inda ya zarce shi ne ɗaukar cewa duk wani kore a gida gayyatar maciji ce. Maciji abinci yake bi, ɓera da kwaɗi da ƙadangare, sai kuma maɓoya. Tarin ragowar bulo da katakon da magina suka bari a lungu sun fi kowace shuka ba shi mafaka. Shukar da aka share gindinta, aka datse ƙananan rassanta har ana hango ƙasa tas kamar santimita 30 daga gindi zuwa ganyen farko, ba ta ɓoye komai. A sa wa rariya ragar waya, a toshe ratar ƙarƙashin ƙofa, wannan shi ne tsaron.

Sauro shi ma a ruwan da ke kwance yake haihuwa, a kwata da tsohuwar taya da gwangwani da randar da ba a rufe ba, kuma cikin mako ɗaya zuwa kwana 10 ƙwai ya zama sauro. Ganye ba ya haifar da shi, amma gaskiya ne yana laɓewa a duhuwa da rana, shi ya sa ba za ki dasa komai a gindin tagar ɗakin kwana ba. In mai sayar da fulawa ya ce miki ga wadda ke korar sauro ko maciji, ki wuce abinki, gidan sauro shi ne kariyar yaranki.

Batun dasawa idan ya fita kuwa, ban goyi baya ba ko kaɗan. Shuka ba abar ɓoyewa ba ce, da yamma zai dawo ya gani, daga nan kuma maganar ta tashi daga kan fulawa ta koma kan an raina shi a gidansa. Ko ya yi shiru, kullum ya wuce ta gabansu ransa zai sosu, ke kuma inuwar da kike nema ta hutawa ce ke da shi. Ki nemi lokacin da ya ci ya huta, ba ranar da ya biya kuɗin ruwa ba. Ki fara da abin da kika yarda da shi: kin gane wancan karon lokacin bai dace ba, kuma kin cire mai gubar saboda yara. Sannan ki roƙi abu ƙarami mai iyaka: damina ɗaya, gindi shida, ba za a sayi jarka ko ɗaya dominsu ba ko bayan ruwa ya ɗauke, shi ne zai nuna inda za a haƙa. In ya ga sun kawo matsala a cire. Namijin da aka ce ya zaɓi wuri da kansa, sau da yawa sai ki ga shi ne ke leƙawa da safe ya ga ko sun yi toho.

Hajiya kuma, maganarta ta yi nauyi, musamman a gaban mutane, kuma ba gaskiya ba ce. Ba sai kin yarda da ita a zuciyarki ba. Amma kada ki mayar, kada ki aika saƙo ta bakin wani. In irin haka ta ci gaba da faruwa a bainar jama'a, ɗanta ne ya dace ya lallaɓa ta a keɓe, ke naki ki gaya masa cikin natsuwa cewa abin ya yi miki ciwo. Rabin maganarta na biyu kuwa, na zogale, shawara ce mai kyau da ta zo a mugun lokaci. Iyayenmu mata sun daɗe suna raya lalle da zogale da shuwaka a bayan ɗaki ba tare da sun sayi ko gindi ɗaya ba, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Ki je gaishe ta ki ce, "Hajiya, damina ta kusa, ina so ki taimaka mini da reshen lalle da irin zogale, ki nuna mini yadda ake yi." Ba ƙasƙanci ba ne. Wadda ta ba da iri da hannunta ba za ta so ta ga ya mutu ba, kuma duk ranar da ta zo za ta tambayi lafiyarsa.

Lalle shi ne na farko da zan zaɓar miki, kuma in da guda ɗaya kawai za a ba ki izini, shi zan ce ki ɗauka. Ɗan ƙasar nan ne, yana son rana, yana jure fari idan ya kafu, yana karɓar aski ya zama shinge mai kyau, kuma idan ya yi fure ƙamshinsa da daddare yana cika tsakar gida. Ga ganye na ƙunshi ke da 'yarki. Ana kafa shi da reshe mai kaurin fensir, tsawonsa kamar santimita 25, a cire ganyen ƙasa a soke rabinsa a ƙasa mai laima. In shinge kike so, ki bar ratar santimita 50 zuwa 60 tsakani. Idan ya tsufa ƙarshen rassansa kan yi tsini kamar ƙaya, aski akai-akai yana rage wannan.

Zogale ki shuka biyu, amma kada ki bar shi ya miƙe ya zama gora ganye can sama. Idan ya kai kusan mita ɗaya ki datse kansa, rassan da suka fito su ma ki riƙa tsinke kansu, zai tsaya gajere ya yi cunkus, kina tsaye ki ɗebi na miya da na kwaɗo. Shuwaka ta fi su son ruwa, ita ki ba ta wurin da ruwan alwala ke gangarawa. Rumman ma yana son zafi da busasshiyar iska, furensa ja ne mai kyau, cikin shekara 2 zuwa 3 kuma ya fara 'ya'ya.

Kada kuma a ce an hana ki ado, domin son kyau ba laifi ba ne, gida ba gonar miya kawai ba ce. Ki sayi bogenbiliya guda ɗaya, wadda furenta ke kama da takarda, ja ko ruwan hoda ko fari. Da rani take cika fure, lokacin da komai ya yi fari da ƙura, kuma yawan ruwa ganye yake sa ta yi ta ƙi fure, wato ta dace da gidan da ake sayen ruwa. Tana da ƙaya, don haka ki ba ta kusurwar da yara ba sa wasa, ki ɗaure ta ta hau katanga. Iksora da haibiskos ki bar su sai gidan ya yi inuwa kuma kun samu ruwa wadatacce. Ki guji bini da zugu saboda 'ya'yansa guba ne ga yara, haka kariya mai kumburarren gindi, duk da kyan furenta ruwan jikinta guba ne. Ƙofar gida kuma ki ƙyale ta bana. Awakin unguwa ba sa barin ɗanyen ganye, sai ranar da aka shirya kewaye na bulo mai ramuka ko ragar waya.

Idan za ki saya, ki ɗaga ledar ki duba ƙasanta. In manyan saiwoyi sun fasa sun shiga ƙasa an fizge su, ko sun nannaɗe a ciki, ki ajiye ki ɗauki wata. Gajeriya mai rassa da yawa ta fi doguwa mai fure. Ki juya ganyen ki duba bayansa, in kin ga fararen ƙwari kamar ɓurɓushin auduga, kada ki kai su gida. Idan kin kawo, ki ajiye ta inda take samun ranar safe kawai na mako guda kafin ki dasa.

Kada ki ruɗu da ruwan farko. A Kano sau da yawa ana yin ruwa ɗaya ko biyu sannan a ɗauke na makonni. Ki jira damina ta zauna, wajen ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli, sannan shukarki za ta sha ruwan sama kyauta har ƙarshen Satumba. Amma ramuka tun yanzu za a haƙa. Ki ja da baya daga katanga kamar mita ɗaya, ki nisanci sokawe da inda bututun ruwa ya bi. Faɗin ramin ya ninka ledar sau biyu, zurfinsa daidai da ita, a tsince duk guntun bulo da siminti. Ki cika ramin da ruwan wanke-wanke ki gani: in ya tsotse cikin 'yan sa'o'i wurin yana da kyau, in kin wayi gari yana nan kwance, ki canza wuri, don a watan Agusta saiwa za ta ruɓe a ciki. Takin da za ki haɗa na shanu ne ko na awaki wanda ya shekara, ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu, ba ya wari. Kashi ɗaya na taki, kashi uku na ƙasa.

Ranar dashe ki bari sai bayan la'asar. Ki jiƙa ledar tukuna, ki tsaga ta da reza daga sama zuwa ƙasa, ki zare ta a hankali ƙasar na manne da saiwar. Bogenbiliya musamman saiwarta ba ta son a girgiza ta, da hannu biyu za ki tallabe ta ki sauke. Wuyan shukar ya tsaya daidai inda yake a leda, kada ki binne shi. Ki mayar da ƙasa, ki danna da tafin hannu ba da dunduniya ba, ki yi ɗan kewaye kamar kwano a gindin, ki zuba ruwa a hankali har ya daina shanyewa da sauri. In ta yi laushi kwana biyu kada hankalinki ya tashi, ki kafa mata guntun kwali ta ɓangaren yamma ya tare rana.

Jarrabawar gaske sai ruwa ya ɗauke, hunturu ya shigo, bazara ta biyo. A nan ne za ki cika alkawarin da kika yi wa maigida. Ki ajiye baho a wurin alwala, ki tara ruwan wankin shinkafa da na kayan miya da na ɗaurayar ƙarshe, ki zuba a ranar kada ya kwana. Ruwan da ke da omo mai yawa ko bilic ko gishiri ko maiƙo kada ya je gindinsu. Gara ki ba su su ƙoshi sau biyu ko uku a mako da ki riƙa yayyafa musu kullum, domin ruwan da ya nutse shi ke jan saiwa ƙasa inda sanyi yake. Kafin ki zuba ki soka yatsa, in da laima a ciki ki bari sai gobe. Ko da ta kai ga saye, jarka mai lita 25 tana isar gindi shida su sha sau ɗaya. Akwai kuma tsohuwar dabara: ki samu ƙaramar tukunyar ƙasa, ki binne ta har wuya kusa da shukar, ki cika ta ki rufe bakin ruf saboda sauro. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikinta kai tsaye zuwa saiwa, rana ba ta sha ba.

Ki shimfiɗa ɓawon gyaɗa ko busasshen ganyen darbejiya siriri a gindin don ya riƙe laima, amma ki bar ratar yatsu huɗu daga jikin iccen, ki riƙa ɗagawa kina dubawa saboda gara. In kin ga ta fara gina hanyar ƙasa a jikin shuka, ki kankare, ki janye shimfiɗar, ki ƙara ruwa, domin shukar da ƙishi ya raunana ita gara ta fi kamawa. Da hunturu ganye zai yi ƙura, wasu su zube, wannan ba mutuwa ba ce. Ki ɗan kankare ɓawon reshe da farce, in cikin kore ne tana da rai.

In kuwa kin yi duk wannan bayani ya ce shi dai ba a haƙa masa tsakar gida ba, kada ki mai da shi rigima. Ki nemi izinin tukwane. Tsohon bokiti ko rabin jarka da aka huda ƙasansa yana ɗaukar lalle ko rumman ko bogenbiliya na shekara ɗaya ko biyu, ana iya matsar da shi, kuma ba ya yin duhuwa. Kada dai ki sa faranti a ƙarƙashi ruwa ya taru. In wannan ma ya ƙi, ki fara da ɗoɗɗoya da na'a-na'a a ƙofar kicin, ki bar maganar ta huta, ki sake ɗago ta lokacin da aljihunsa ya sarara. Irin zogalen da Hajiya za ta ba ki, ki ajiye a busasshen wuri cikin takarda, zai kai damina mai zuwa. Ki rubuto mini bayan kun yi magana da shi, ki faɗa mini ta wane ɓangare rana ke faɗuwa a gidan da kuma inda sokawe yake, sai mu tsara inda kowanne zai zauna. A shafa mini kan yara, Allah ya ba ku zaman lafiya.